Daminar da Inna Ta Daka Yashi

Marka ta kama tun makon jiya. Yayyafi ne mara zuciya, ba ya tsayawa, ba ya kuma zama ruwan kirki. Shanyata ta kwana uku a igiya ba ta bushe ba, gishiri ya jiƙe a gwangwani, ashana sai an ƙyasta biyar kafin ɗaya ta kama. A Gulma inda na tashi, wannan ne lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, kuma mai hankali ba ya ɓarnar ƙarfinsa, ko tafiya a sannu yake yin ta. Amma ga ni, Balki, da shekara sittin da 'yan kai, da furfurata da jikokina, ina tsaye ranar Asabar da sassafe a lambun shaƙatawa na bakin unguwarmu a Birnin Kebbi, ƙafata cikin takalmin kambas, ina ɗaga hannu ina saukewa don wata yarinya ta ce in ɗaga.

Ba da son raina na fara zuwa ba. Likita ne ya ce jinina ya hau, 'yata Zainabu kuwa ta riƙe maganar gam. Ta sayo takalmin, ta sa ni a mota ta kawo ni. A mota fa, don in zo in yi tafiyar ƙasa. Kuma kusan kowa haka yake zuwa. Za ka ga motoci sun jeru a bakin ƙofa, masu su na ciki suna zagaya bishiyoyin dogon yaro suna haki, wai suna neman gumi.

Mu wajen ashirin ne, duk mata, a wani lungu bayan shingen furanni inda maza ba sa leƙowa. Akwai matan manyan ma'aikata, akwai malamai biyu, akwai Maman Chidi mai shagon kayan masarufi, wadda Hausarta ta fi ta jikokina. Mai koya mana sunanta Rifkatu, ma'aikaciyar jinya ce daga wajen Jos. Ba zan ci haƙƙinta ba, yarinyar kirki ce. Don Allah take yi, ta san sunan kowa, ba ta rabuwa da fara'a. Fara'ar ce ma ta yi mini yawa. A wurin nan komai tafi ake yi masa. Ki ɗaga ƙafa, a tafa. Ki sauke, a tafa. Ki zo a makare gyale na jan ƙasa, Rifkatu ta ce, "A tafa wa Mama, ta yi ƙoƙari!" Na yi shekara talatin ina koyar da yaran firamare, ban taɓa tafa wa yaro don ya iya tsayuwa a kan ƙafafunsa ba. Idan an gama kuma sai a baje tabarma, a fito da kunun gyaɗa da ƙosai, abin da aka zubar a awa guda a mayar da shi a minti goma.

Cikin duk motsin da ake yi, wanda ya fi ba ni haushi shi ne wanda Rifkatu ke kira daka. Za ta kunna kiɗa a 'yar lasifikarta ta ce, "To iyaye, mu yi daka!" Sai mata ashirin su haɗe hannu biyu sama su dinga dukan iska, ba turmi ba taɓarya. Rabinsu ba su taɓa surfa ko mudu ɗaya ba, da ganin yadda suke lanƙwasa baya ka sani. Suna yi suna ƙyalƙyala dariya. Aikin banza, makaho da waiwaye.

Mutum ɗaya ce ke yin dakan nan daidai, Kulu. Tare muka yi wasan ƙasa a Gulma, katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Yanzu tana unguwar Badariya. Mijinta direba ne, ya rasu bara waccan. Ɗanta guda ya tafi kudu neman aiki, wayarsa ta daina shiga, ya bar mata 'yarsa Ummi mai shekara uku. A da tuwon shinkafa take sayarwa, bana ta ajiye ta ce gwiwa ce ta dame ta. Mai ciwon gwiwar nan ita ce ke takowa a ƙasa tun daga Badariya duk Asabar, ta ce ai duk cikin motsa jikin ne. Shi ma an tafa mata.

Duk Asabar ɗin farkon wata Rifkatu na zuwa da sikeli. Kowa ya hau, wadda ta fi rage nauyi a yi mata guɗa. Kulu mace ce mai jiki tun muna 'yan mata, amma wata biyu a jere ita ke lashewa. Ni ma na tafa, sau biyu, da hannuwan nan nawa. Har na ja ta gefe na ce, "Kulu, ba ni sirrin ga mana."

Ta ce, "Ba wani sirri. Ba ni cin tuwon dare, shi ke nan."

Na yi dariya na ce ta fi ni zuciya.

Asabar ɗin da ta wuce, muna cikin dakan iska, yayyafi na sauka, Kulu na gabana. Ta ɗaga hannu sama, hijabinta ya tattare, sai na ga tsohon ɗankwali ɗaure tamau a cikinta, a saman zane, ƙullin a baya. Hannuwana suka tsaya a sama. Shekara hamsin da wani abu rabona da ganin irin wannan ɗauri, kuma wancan ni ce nake ƙulla shi.

Ina 'yar shekara goma sha ɗaya a lokacin. Bazarar ta yi zafin da ban sake ganin irinsa ba. Da hantsi ƙasa ba ta takuwa, kaji na buɗe baki a gindin rumbu, ruwan randa kansa ɗumi ne. Kakar da ta wuce ba a samu abin kirki ba, saboda haka da ruwan farko ya zuba da wuri, gari ya ruɗe da murna. Aka fita shuka, gero a tudu, shinkafa a fadama. Aka yi gayya gona bayan gona, maza a jere da fartanya, mu yara muna kai musu ruwa a tulu. Shuka ta fito kore shar. Daga nan sama ta rufe bakinta. Kullum da la'asar hadari ya taso daga gabas ya yi baƙi, a kwashe shanya, a shigar da itace, sai iska ta zo ta watsa shi. Gero ya murɗe ya kwanta. Da ruwa ya dawo aka buɗe rumbu aka ɗebi na ci aka sake shukawa. Sai marka ta zo da nata, ta yi ta zuba har gulbi ya cika ya haura, ya shanye shinkafar fadama. Muka tsaya a kan tudu muna kallon ruwa shimfiɗe inda gonarmu take.

Baba ya bi masunta ƙasa da gulbi ko zai samo wani abu. Gida ya rage daga Inna sai ni sai ƙanwata Rabi, 'yar wata takwas, tana nono. Rumbunmu kuwa ni ce na shiga na share shi da tsintsiya.

Abin da ake ci a lokacin, tafasa ce da rama, a dafa da ɗan gishiri idan akwai. Da safe mu 'yan mata mu shiga tabki har ƙugu mu ciro bado, sanyin ruwa na cizon ƙafa, mu dawo leɓe na rawa. Ganye yana cika ciki, amma ba ya riƙe mutum. Kafin azahar za ka ji kunne na ƙara, idan ka miƙe da sauri duhu ya rufe maka ido. Yunwar marka daban take da ta rani, don jiki a jiƙe yake, ga sanyi, ga hayaƙin ɗanyen itace.

Mutum ɗaya ne a unguwarmu hatsinsa ya kai, Baffa Gado, mahaifin Kulu, mai rumbu uku. Matarsa Hure, wadda kowa ke ce wa Gwaggo, tana da wata hanya tata. A garinmu ba a roƙo, kuma ba a aiko maka da hatsi a bainar jama'a, don wannan tonon asiri ne. Gwaggo sai ta zauna a tsakar gidanta bayan asuba ta kasa kunne. Ta san muryar turmin kowane gida. Gidan da ta ji shiru kwana biyu, za ta cika ƙwarya da gero ta ɗora a ka, ta yi sallama ta ce, "Turmina ya tsage, ku ara mini naku." Ta surfa a can, ta bakace, ta daka, ana hira. Idan za ta tafi ta kwashi kaɗan, ta bar sauran a gindin turmi kamar ta manta, ta bar dusar ma. Ba mai godiya, ba mai tuna mata. Turmin Gwaggo ya tsage ya fi sau talatin a daminar nan, kuma duk unguwa an san lafiyarsa lau.

Inna ta san wannan sarai, shi ya sa ta yi abin da ta yi. Ita 'yar Argungu ce, daga gidan da ake dafa wa baƙi, kuma ba ta taɓa mantawa ba, ba ta kuma bari kowa ya manta. A ce Gwaggo Hure ta shigo mata da ƙwarya a ka? Ranar da gero ya ƙare ta miƙo mini ƙwarya da faifai ta ce, "Tahi bakin gulbi ki ɗebo yashi. Ki ruhe shi, ki taho kamar hatsi kinka ɗauko."

Na ce, "Inna, mi za mu yi da yashi?"

Ta ce, "Ki yi abin da anka sa ki. Kuma in nij ji maganar ga a bakin wani, ni da ke ne."

Ta zuba yashin a turmi, ta yayyafa masa ruwa kamar yadda ake yi wa gero kafin surfe. Jiƙaƙƙen yashi yana ba da sauti mai nauyi, daidai da na hatsi. Ban san inda ta koyi wannan ba. Kafin ta ɗauki taɓarya ta warware ɗankwalinta ta naɗa a ciki, ta ja har ta runtse ido, ta ce in ƙulle mata ta baya. Wai idan ciki a ɗaure yake ba ya kuka. Sannan muka fara, ni da ita a turmi ɗaya, tawa na fita tata na shiga. Har lugude take yi, ta jefa taɓarya sama ta tafa ta cafe, don sautin ya tsallake katanga. Bayan nan a hura wuta da jiƙaƙƙen kara hayaƙi ya tashi sosai, a ɗora tukunyar tafasa. Duk wanda ya wuce ya ce gidan 'yar Argungu kam Allah ya rufa musu asiri.

Haka muka yi kowace safiya. Ƙarfin da ganye ya ba mu, mu zubar da shi a kan yashi. Ina jin sallamar Gwaggo a gidan dama da mu, ina jin ta a gidan hagu, ina jin ƙamshin sabon surfe yana tsallakowa. Mu ba ta shigo ba. Me zai kawo ta gidan da turminsa ya fi na kowa magana? Kulu ta taɓa tambayata a bakin tabki me ya sa nake ramewa alhali kullum ana daka a gidanmu, na ce mata zazzaɓi nake yi.

Nonon Inna ya fara ja baya, sannan ya kafe. Rabi ta yi kuka kwana da kwanaki, Inna na ɗura mata ruwan ganye. Daga baya ta daina kukan, Inna ta ce ai ta samu sauƙi. Rana ta sha tara da fara dakan yashin, da hantsi, mun gama daka ke nan, Inna ta shiga ɗaki ta ɗauko ta, sai na ji ta kira sunana a hankali. Na san Allah ne ya yi kwanan Rabi ya ƙare. Na sani, kuma na yarda. Amma har yau ina jin haushin Inna, Allah ya jiƙanta, kuma ina jin haushin kaina da na iya riƙe baki.

Mata suka cika gida gaisuwa. Tabarmi suka kasa, Gwaggo ta jawo turminmu ta kwantar da shi za ta zauna, yashi ya zubo a ƙasa. Ta tsaya tana kallonsa. Ta sa hannu ta ɗebo ta murza. Ta bari sai da mutane suka ragu, sannan ta dube ni ta ce, "Kwana nawa?"

Na ce, "Sha tara."

Ta juya wajen Inna. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Amina, ni da kunne nika aiki. Kin yi ma kunnena ƙarya."

Washegari da safe Gwaggo ta yi sallama da ƙwarya a ka ta ce turminta ya tsage. Inna da kanta ta wanke turmin ta gyara masa zama. Baba ya dawo bayan kwana uku da busasshen kifi a buhu, ya tarar an riga an share makoki.

Abin da ya dawo mini ke nan a lambun nan, hannuna a sama, kiɗan Rifkatu na tashi. Na dubi Kulu da kyau a karon farko cikin wata uku. Wuyan hannunta ya zama na yarinya, leɓenta ya yi fari, zoben da ke yatsarta shekara da shekaru babu shi. Muna gama dakan ta dafa bishiya ta zauna a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wata hajiya daga cikin masu motoci ta ce, "Haka ake ji idan kitse na narkewa, ni ma na taɓa ji." Rifkatu ta zo da gudu ta ba ta ruwa, ta tambaye ta ko ta karya, Kulu ta ce ta karya sarai.

Aka fito da sikeli. Kulu ta hau. Rifkatu ta duba ta yi tsalle ta ce, "Mama Kulu kuma! Sau uku ke nan! A tafa mata!" Lambu ya ɗauki tafi da guɗa. Har kyauta suka shirya mata, an naɗe ta da takarda mai ƙyalli. Ta buɗe, gorar ruwa ce ta roba, ruwan hoda, mai igiyar ratayawa. Mata ashirin, da masu digiri da masu zuwa Umara duk shekara, da ma'aikaciyar jinya guda, sun taru sun auna yunwar mutum a sikeli, sun ba ta gora. Ni ce ta ashirin da ɗaya, kuma na fi su laifi, don su ba su taɓa ganin abin ba.

Da aka baje kunu da ƙosai, Maman Chidi ta miƙa mata kofi. Kulu ta kauda kai tana murmushi ta ce, "A'a, kada in ɓata aikina." Aka sake tafa mata. Na ga idonta ya bi farantin ƙosan har ya kai ƙarshen tabarma. Ummi ce ta faɗo mini a rai, don idan babba ya kai ga ɗaure ciki, to abin da ake ba yaro ma ya kusa ƙarewa.

Ina isa gida na ce wa Zainabu ta sa a fito mini da rabin buhun geron da ke sito. Ta ce, "Mama, in fura kike so ga inji nan bakin titi." Na ce ban tambaye ta ba. Na ƙi motarta, don mota a ƙofar gidan Kulu shela ce. Na tari keke mai ƙafa uku ya kai ni Badariya da azahar, ana ta yayyafi.

Na tarar da Kulu a bakin ƙofar ɗaki, Ummi na kwance a cinyarta tana wasa da igiyar sabuwar gora. Akwai tukunya a kan murhu da murfinta. Na wuce ta gefen murhun na taɓa tokar da yatsan ƙafa, sanyi ƙalau. Mai keke ya dire buhu ya fita.

Kulu ta dubi buhun, ta dube ni, fuskarta ta ɗaure. Ta ce, "Balki, mi ne ne wanga?"

Na ce, "Turmina ya tsage. Ki ara mini naki."

Ta ce, "Ke da ba ki da turmi? Shekara ashirin inji ka yi maki niƙa. Ni lahiya lau nike, rage jiki nika yi, kowa ya gani."

Na ce, "Kowa ya gani, har da tafi. Ni dai turmina ya tsage nic ce maki." Sannan na ce, "Kwana sha tara na daka yashi, Kulu. Kin san abin da anka ɗauka daga gidanmu. Dubi ɗiyar ga da ke cinyarki."

Ta sunkuyar da kai ta daɗe tana shafa kan Ummi. Sannan ta kwantar da ita a tabarma, ta miƙe a hankali, ta sa hannu a ƙarƙashin hijabi ta kwance ɗankwalin ta yar. Ta zagaya bayan ɗaki ta mirgino turmi, duk yanar gizo, ta wanke shi. Taɓarya biyu ta fito da su.

Muka surfa tare, tawa na fita tata na shiga, muna yi muna hutawa, don ba ni da numfashi ita ba ta da ƙarfi. Ƙamshin jiƙaƙƙen gero ya tashi, Ummi ta taso ta tsaya a bakin turmi. Kafaɗata ta yi kwana uku tana ciwo, abin da dakan Rifkatu bai taɓa sa ni ba. Da aka gama na ɗebi ɗan gari a leda don in cika al'ada, na bar sauran da buhun inda suke.

Kulu ta rako ni bakin ƙofa. Ba ta yi godiya ba, da ta yi ma da na ji haushi. Sai ta ce, ba ta kalle ni ba, "Turmin ga naki, yaushe za a gyara shi?"

Na ce, "Masassaƙin ya tahi Argungu. Sai kaka."

Farkon wata mai zuwa sikelin Rifkatu zai ce Kulu ta koma baya. Za a yi shiru, a ce mata kada ta karaya, ta ƙara ƙoƙari. Ni kaɗai zan tafa, su dube ni su ce tsohuwa ta fara ruɗewa.